Takarda, Waya ko Kunne: Da Wanne Mai Iyali Zai Koma Karatu?

Hanya uku ce a gaban duk magidanci ko uwargidan da ke son karatu ya zame musu jiki a yau. Ko dai mutum ya sayi littafi na takarda, ko ya karanta a waya, ko kuma ya kunna a karanta masa yana saurare. Ina nufin karatun ganin dama, wanda babu malamin da zai tsare ka a kansa, babu kuma jarrabawa a ƙarshensa: tarihi, ƙagaggen labari, littafin sana'a, na kiwon lafiya, ko na addini wanda ba a gaban malami kake ɗaukarsa ba. Irin wannan karatun shi ake fara yadawa idan aure ya zo, 'ya'ya suka biyo baya, cefane da kuɗin makaranta da zirga-zirgar biki da ta'aziyya suka cinye yini.

Duk ukun suna da amfani, amma ba su zo ɗaya ba, musamman ga wanda ke da yara a gabansa. Gwauro tambayarsa ɗaya ce: wanne ya fi mini sauƙi? Mai iyali kuwa sai ya ƙara ta biyu: me yaran nan suke ganin ina yi? Ni dai matsayata ita ce a kafa ɗabi'ar a kan littafin takarda, a bar waya da sauraro su riƙa cike gurbi. Akwai gidajen da wannan shawara ba za ta karɓe su ba, zan zo kansu daga baya.

Waya ce ta fi sauran hujja, don haka da ita ya kamata a fara. Tana hannu tun kafin a yi niyyar karatun. Ba ta neman fitila, ba ta neman hannu biyu. Mai jego da ke shayarwa da tsakar dare, jariri a hannu ɗaya, ba za ta iya riƙe littafi tana buɗa shafi ba, amma za ta iya jan allon waya da babban yatsa. Haka wanda ke zaune a layin asibiti ranar awo, ko a banki, ko cikin adaidaita sahu a cunkoson yamma. Waɗannan mintoci ne da ke zubewa a banza, kuma babu abin da ke tsince su irin waya.

Sannan sabon rubutun Hausa can ya koma. Littattafan da suka fara cika kasuwar Kano tun tsakiyar shekarun 1980, waɗanda ake bugawa kashi na ɗaya da na biyu da na uku, yawancin marubutansu da magadansu yanzu a Wattpad da ArewaBooks da zaurukan WhatsApp da Telegram suke sakin aikinsu. A ba ka somin-taɓi kyauta, idan labarin ya kama ka sai ka tura kuɗi a sa ka a zauren da ake ci gaba. Masu raina wannan harka su dakata tukuna. Tsarin sakin labari kashi-kashi kullum ya sa dubban matan aure suna karatu kowace rana ba fashi, abin da wasu masu digiri biyu suka kasa. Ɗokin jin me ya faru gobe shi ne ke dawo da su, kuma duk mai son kafa ɗabi'a yana da abin koyo a nan.

To ina matsalar? Matsalar ita ce littafin yana zaune a ɗaki ɗaya da duk abin da ke hana karatu. Ka buɗe shafi, saƙo ya faɗo daga zauren dangi cewa an yi rasuwa. Ka shiga ka yi ta'aziyya, ka ga an turo hoton ankon biki, daga nan wani ya turo bidiyon TikTok, ka farga rabin awa ta wuce, caji ya yi ƙasa, shafin yana nan inda ka bar shi. Ba raunin zuciyarka kaɗai ba ne. Waɗannan manhajoji an gina su ne don su riƙe ido, kuma masu su sun zuba kuɗi da ƙwararru a kan haka. Littafi ba shi da wannan rundunar a bayansa. Ana iya kashe data kafin a fara karatu, yana kuma taimakawa ƙwarai, sai dai kunna ta taɓawa ɗaya ce.

Akwai kuma cutar tara PDF. Kusan duk mai babbar waya da ya taɓa sha'awar karatu yana da wata ma'ajiya cike da littattafan da aka turo masa: tarihin Daular Usmaniyya, dabarun kasuwanci, fiƙihu, tarbiyyar yara. Saukewa tana ba mutum daɗin da ya yi kama da na karantawa, sai ya ji kamar ya yi wani abu. Da yawansu ma hoton shafi ne aka ɗauka, ba rubutun da ke daidaita kansa da allon waya ba, sai ka yi ta buɗawa da yatsu biyu kana ja dama da hagu har ido ya gaji. Ban da haka, mafi yawan waɗannan PDF ɗin ba da izinin marubucin ake yawo da su ba. Wanda ke son 'ya'yansa su taso da tsoron haƙƙin mutane ya kamata abin ya ɗan tsaya masa a rai.

Batun fahimta ma akwai abin faɗa. A 2018 wasu masu bincike, akasarinsu daga Jami'ar Valencia ta Sifen, sun tattara nazarce-nazarce 54 da suka shafi mutum sama da 170,000, suka kwatanta karatu a takarda da karatu a allo. Sun gano takarda tana ɗan gaba wajen fahimta idan rubutun na bayani ne, musamman idan lokaci ya ƙure wa mai karatu. A labarin hikaya kuwa ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba. Wannan ya dace da abin da kowa zai iya gwadawa da kansa: labarin soyayya yana tafiya lafiya a waya, amma littafin da ke buƙatar ka koma baya ka duba abin da aka ce a shafi na talatin, ka ja layi, ka tsaya ka yi tunani, ya fi zama a takarda.

Abu na ƙarshe game da waya shi ne, abin da ke cikinta ba naka ba ne kamar yadda kake zato. OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da yawa suka sayar da littattafansu a kanta, ta rufe a ƙarshen 2023. Zauren WhatsApp yana iya watsewa. Waya tana faɗawa ruwa, ana ƙwace ta a hanya, ana sayar da ita idan ta kama. Kuma arharta ba ta kai yadda ake faɗa ba, tunda a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, ga kuɗin shagon caji a unguwannin da wuta ba ta zama.

Sauraro kuwa tsohon abu ne a wurinmu. Mun taso da tatsuniyar dare, da rediyo a rataye a ƙofar ɗaki, da kasakasan tafsiri. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, gidajen rediyon Kaduna da Kano sun daɗe suna karanta littattafai kashi-kashi. Yanzu akwai tashoshin YouTube da ke karanta littattafan Hausa daga farko har ƙarshe, kuma masu tura fina-finai a kasuwa za su loda maka su a memori ba sai ka ƙona data ba. Ga wanda hannunsa ke aiki amma kansa yana sake, babu na biyunsa: tela a kan keke, direban doguwar tafiya, mai kitso, uwargida a bakin murhu ko a kan wanki. Shi ne kuma mafita ga wanda idonsa ya fara rauni, da wadda ba ta yi nisa a boko ba amma tana son ilimi.

Sai dai kunne ba ya koya wa ido aiki. Wanda karatunsa ke tafiyar hawainiya, yana haɗa baƙi da kyar, zai shekara yana sauraro bai ƙara sauri ko kaɗan ba. Hankali ma yana zamewa ba ka sani ba: yaro ya yi kuka, miya ta tafaso, ka dawo ka tarar labari ya yi nisa, komawa daidai inda ka ɓace kuma wahala ce. Abin da ake samu da Hausa a wannan fanni bai da faɗi, akasari labaran soyayya ne da wa'azi. Wani abin kuma da ba a cika lura da shi ba: uwa ko uban da ya toshe kunnuwansa biyu ya fita daga gidan ke nan alhali yana zaune a ciki. Idan za a saurara, gara a sa a sifika kowa ya ji, muddin abin da ake karantawa ya dace da kunnen yara. Daga nan hira take tashi, kuma wannan riba ce da sauran hanyoyin biyu ba sa bayarwa cikin sauƙi.

Yanzu littafin takarda. Aibinsa a fili yake, kuma na farko tsada. Takardar bugu daga waje ake shigo da yawancinta, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuwa farashin littafi ya bi sahun shinkafa. Yana buƙatar haske, dare kuma ba kullum ake samun wuta ba. Yaro mai rarrafe zai yaga shi, mai shekara huɗu zai yi masa zane da biro, gara za ta ci, damina za ta jiƙa idan rufi na yoyo. Wanda ke ɗaki ɗaya da iyali ba shi da wurin jera kanta. Ga aro, wanda a garinmu kusan kyauta ce da ba a furta ba.

Amma tsadar tana da magani fiye da yadda ake tsammani. A Kano, littattafan addini suna Kasuwar Kurmi, na boko suna Sabon Gari, kuma kusan duk garin da ke da jami'a ko kwaleji za ka samu masu shimfiɗa littattafan gwanjo a bakin hanya. Tsofaffin littattafan Hausa na kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, wanda aka kafa a 1966, ƙanana ne, ba su da nauyi a aljihu. Ɗakin karatu na Murtala Muhammad yana nan a Kano, sauran jihohi ma suna da hukumomin ɗakunan karatu, ko da kayan cikinsu sun tsufa. Kuma tsarin da mata suka yi amfani da shi a shekarun 1990 bai mutu don ya gaza ba: shagon haya, da musaya tsakanin maƙwabta, a aiki yaro ya kai kashi na ɗaya ya karɓo na biyu. Gida biyar idan kowanne ya sayi littafi ɗaya a wata suka riƙa zagayawa da su, kowa ya sami biyar da kuɗin ɗaya.

Ƙarfin littafi shi ne ba ya iya komai sai abu ɗaya. Ba ya ƙara, ba ya kawo saƙo, ba ya mutuwa don an ɗauke wuta. Idan ka ajiye shi a kan matashi ko kusa da dadduma, ganinsa kaɗai tuni ne. Kana kuma ganin tafiyarka da ido: ɓangaren hagu yana kauri, na dama yana ramewa. Wannan ƙaramin abu yana da tasiri ga wanda ya daɗe bai gama littafi ba, domin abin da ya fi buƙata a farko shi ne ya tabbatar wa kansa zai iya kai ƙarshen guda ɗaya.

Hujjar da ta fi rinjaye a wurina ita ce ta yara. Idan Baba yana zaune da waya a hannu, yaro ba shi da hanyar sanin ko tarihin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake karantawa ko sakamakon ƙwallo yake dubawa. Abin da ya gani shi ne Baba yana danna waya, kuma shi zai kwaikwaya. Idan Umma ta ce masa ya ajiye wayarta ya ɗauki littafinsa, alhali bai taɓa ganin littafi a hannunta ba, darasin da ya ɗauka shi ne littafi aikin yara ne, kamar rigar makaranta, ana girma a cire. Amma ranar da ya ga babba ya zauna da littafi ba wanda ya sa shi, har ana yi masa magana yana cewa “bari in kai ƙarshen shafin nan”, ya ga wani abu da wa'azin shekara ba zai nuna masa ba. Ƙananan ma za su zo su hau cinya su ce a nuna musu, ko su ɗauko nasu su riƙe a juye suna motsa baki.

Wani nazari da aka wallafa a 2010, wanda ya duba ƙasashe 27, ya gano cewa yaran da suka taso a gidan da ke da littattafai da yawa sun fi daɗewa a makaranta da kimanin shekara uku a kan waɗanda gidansu babu, ko da an cire tasirin ilimin iyaye da sana'arsu, kuma 'yan littattafai kaɗan ma suna kawo bambanci. Ba wai takardar ce ke da wani sirri ba. Littafin da aka jera a falo don ado, ba a taɓa buɗe shi ba, ba zai yi wa kowa komai ba. Gidan da ake sayen littafi galibi gida ne da ake maganarsa, ana musu a kansa, ana aikin da ya fito daga ciki.

Duk wanda mutum ya zaɓa, abin da ke raya ɗabi'ar ko ya kashe ta shi ne lokaci da gwargwado, kuma a nan ba mu da buƙatar aro daga ko'ina. Dubi yadda mai tilawa ke yi. Alƙur'ani izu sittin ne, ya ɗaure wa kansa izu biyu kullum, a wata ya sauke. Wanda bai da hali ya ɗauki izu ɗaya ko rabi, ko sumuni. Ba ya jiran sai ya sami lokaci, ya riga ya liƙa karatun a jikin salla. Haka almajirin zaure da ke ɗaukar Ahalari ko Ishmawi ko Risala, 'yan layuka malam ke ƙara masa a rana, a hankali littafi ya ƙare. Wannan tsarin ne kawai za a ɗauko: adadi ƙayyadadde, ƙarami, a bayan wani abu da ba ya tashi. Karatu kamar zubin adashi ne, mai zuba kaɗan kullum shi ke kwasa, mai jiran sai ya tara da yawa ya zuba ba ya ma shiga. Shafi goma a rana, wato kamar minti ashirin, shafi 300 ne a wata. Littafi mai shafi 200 kwana ashirin zai ɗauka.

Kada kuma a sa ran abin zai zama jiki a mako biyu. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, aka fitar a 2009, ya bi mutum 96 da suka ɗauki sabuwar ɗabi'a ta ci ko sha ko motsa jiki. Matsakaicin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama ana yin sa ba tunani kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Ba kan karatu aka yi shi ba, amma abu ɗaya a ciki ya shafe mu kai tsaye: tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Mai iyali dole zai tsallake. Yaro zai kwana da zazzaɓi, baƙi za su sauka, za a yi tafiyar gaisuwa. Abin kiyayewa shi ne kada fashin kwana ɗaya ya zama hujjar na mako.

Wane lokaci ke nan? Bayan Asuba ya fi kowane lokaci tsabta ga maigida. Gida shiru, kai bai cika ba, wayar ma ba ta fara ruri ba, gari kuma na wayewa ba a neman fitila sosai. Amma ga uwa mai 'yan makaranta, wannan shi ne lokacin da ya fi kowanne zafi: ɗora ruwa, wanka, karin kumallo, neman safa ɗaya da ta ɓata. Ce mata ta yi karatu bayan Asuba rashin sanin gida ne. Nata lokacin, idan ba ta fita aiki, hantsi ne, bayan an watse kafin a ɗora girkin rana, ko tsakanin La'asar da Magariba lokacin da yara suke Islamiyya. Bayan Isha'i shi ne lokacin da kowa ke fara zaɓa, shi ne kuma ya fi cin amana, domin gajiya ta riga ta taru, shafi biyu barci ya ɗauke. Amfaninsa ɗaya, wanda ba ƙarami ba: shi ne lokacin da yara ke nan su gani. Shi ya sa na fi son a raba, karatu mai nauyi a lokacin shiru, mai sauƙi da daddare a tsakar gida ko a falo inda kowa yake. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya ajiye littafi a kowane ɗaki, in ba haka ba rabon kwana zai raba masa karatun, yaran ɗaki ɗaya ne kawai za su san Baba yana karatu.

Kada a haɗa karatun kai da karanta wa yara a ce abu ɗaya ne. Biyun duk ana so, amma wanda ya mayar da karatunsa gaba ɗaya na yara zai gaji, domin babba yana buƙatar abin da zai ciyar da nasa tunanin. Na yaran minti goma ya isa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2014 take ba iyaye shawarar su riƙa karanta wa yaro a bayyane tun yana jariri. A nan ma takarda ta fi, saboda yaro yana son ya taɓa, ya juya shafi, ya nuna hoto, ya ce a maimaita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ga waɗanda suka ɗan tasa, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, har yanzu yana aiki, don labaransa gajeru ne, ɗaya ya isa dare guda. Littattafan ƙananan yara masu hoto da Hausa su ne suka yi ƙaranci a kasuwa, nan ne kuma waya ke da rana: shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver suna da labaran Hausa kyauta, ana iya saukewa a kai shagon kwamfuta a buga a ɗinke. Iyayen da 'ya'yansu suka yi firamaren gwamnati a Bauchi ko Sakkwato wataƙila sun ga littattafan Mu Karanta a jakarsu. Irin waɗannan idan sun shigo gida a zauna a biya su tare.

Harshe ma zaɓi ne. Da yawa suna fara komawa karatu da wani ƙaton littafin Turanci da aka yaba musu, su maƙale a babi na biyu, su yanke cewa karatu ba nasu ba ne. A fara da harshen da ido ke gudu a kansa, Hausa ce ko Turanci ko Larabci ko Faransanci ga 'yan Nijar, a kuma fara da abin da rai ke so, ba abin da za a yi alfahari da shi a majalisa ba. Littafin da ya kai shafi hamsin bai kama ka ba, ajiye shi ka ɗauki wani, ba bashi ba ne. Abu ɗaya da zan ƙara ga masu karatun Hausa a waya: yawancin abin da ake saki a zauruka bai bi ta hannun edita ba, babu ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana cusa Turanci a tsakiyar jimla. Babba zai iya wucewa, amma yaron da ke koyon rubutu bai kamata wannan ya zama madubinsa ba. Wasu labaran kuma ba na idon yara ba ne sam, wayar Umma kuwa kowa ya san hannun da take ƙarewa.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai jego, da wanda aikinsa na yawo ne, da wanda ke zaune inda babu mai sayar da littafi sai an yi tafiyar awa biyu, su riƙe waya ba tare da jin sun gaza ba. Su dai sauke littafi ɗaya tak, su kashe data, su gama shi kafin su sauke wani, su kuma riƙa faɗa wa yara da baki cewa karatu suke yi, har su karanto musu layi ɗaya ko biyu. Wanda hannunsa ba ya hutawa daga safe zuwa dare, ko idonsa ba ya jure ƙananan baƙaƙe, ya riƙe sauraro, in da hali ya je a auna masa tabarau, domin da yawa daga waɗanda suka haura arba'in suna cewa karatu ya fita ransu alhali ido ne ya canja. Wadda ke zuwa makarantar yaƙi da jahilci ko Islamiyyar matan aure tana son karatunta ya yi ƙwari, takarda ce tata ko da sauraro ya fi daɗi, kuma littafin ɗanta na aji uku ba abin kunya ba ne a fara da shi.

Saura kuwa, wato mai iyalin da ke da minti ashirin da fitilar caji da kuɗin littafi ɗaya a wata, ya sayi na takarda. Ya rubuta sunansa a ciki, ya samo leda ko ƙaramin akwati da zai tsare shi daga gara da ruwa, ya ajiye shi a inda yake zama, ba a ƙasan akwatin kaya ba. A lokacin karatun wayar ta kasance a wani ɗaki, ko a jone a caji nesa da hannu. Idan maƙwabci ya zo aro a ba shi, amma a rubuta a bayan kalanda wa ya ɗauka da ranar da ya ɗauka, a kuma nemi nasa a madadin.